Tambayoyinku ga Likitar Fisiyo: Zaman Ofis da Ciwon Jiki

Fiye da rabin wasiƙun da suka iso mini a wannan watan daga ma'aikatan ofis suke, kuma kukan kusan ɗaya ne: baya, wuya, kafaɗa, hannu, ido. Na zaɓi shida, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Akwai fannin ilimi da ya keɓanta da wannan magana, ana ce masa ergonomiks, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin aiki da ƙa'ida. Wani masani ɗan ƙasar Foland, Wojciech Jastrzębowski, shi ya fara amfani da kalmar a 1857. Abin da take nufi shi ne a tsara wa mutum wurin aikinsa daidai da jikinsa, yadda tela ke auna mutum kafin ya sa almakashi. A ofisoshi da yawa akasin haka ake yi. A sayo tebur da kujera iri ɗaya ga dogo da gajere, sannan a bar jiki ya lanƙwashe ya shiga yadda zai iya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni akanta ne, shekaruna 38. Ina gaban kwamfuta daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, ƙarshen wata kuwa har dare. Kusan shekara guda ke nan ƙasan bayana na ciwo, musamman daga ƙarfe 2 na rana. In zan tashi sai na dafa tebur, in ɗan jima kafin in miƙe sosai. An yi mini hoton cikin jiki na MRI, aka ce wani faifai a ƙashin bayana ya ɗan turo. Abokan aiki sun ce in sayi kujera mai tsada. Ita ce maganin? Kuma shi ke nan bayana ya lalace?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don na san ita ce ke hana ka barci. Daga abin da ka bayyana, bayanka bai lalace ba. A 1994 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da aka yi a Amurka. An ɗauki hoton MRI na mutum 98 da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan, sai aka tarar fiye da rabinsu faifan nan ya turo a wuri ɗaya ko fiye, kuma lafiya lau suke harkokinsu. Ka ga ke nan abin da hoto ya nuna maka yana iya kasancewa yana nan tun kafin ciwon ya soma. Na sha ganin mutum ya karɓi sakamakon hoto ya tsorata, ya daina sunkuyawa, ya daina tafiya, ya riƙa lallaɓa bayansa kamar ƙwai, tsoka ta yi rauni, ciwo ya ƙaru. Ba na so ka bi wannan hanyar. Kuma kana da abokan kuka da yawa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ƙasusuwa 24 ne masu motsi a jere a gadon baya, 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu. Tsakaninsu akwai faya-fayan guringuntsi masu ruwa-ruwa, su ne matashin da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Jini ba ya shiga tsakiyarsu kai tsaye, kuma ruwa na fita yana komawa cikinsu gwargwadon matsewa da sakewa, kamar soso. Shi ya sa mutum ya fi tsayi da safe da santimita ɗaya ko biyu a kan yadda yake da dare. In ka zauna awa uku ba motsi, soson nan a matse yake awa uku. Bayan haka, ƙugu yana da 'yar lanƙwasa zuwa ciki, haka aka halicce shi. Da ka zame gaba a kujera ka ranƙwafa wa kwamfuta, lanƙwasar ta juye, jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan ta baya su miƙe su yi ta ɗaukar nauyi. Dalilin dafa teburin ke nan: sun daɗe a ja, sai an ba su lokaci kafin su koma.

Kujera mai kyau tana da amfani, ban musa ba. Amma kafin ka fitar da kuɗi, ka roƙi abokin aikinka ya ɗauke ka hoto daga gefe, wajen ƙarfe 3 na rana, ba tare da ka sani ba. Gani ya kori ji. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa wurina da ciwo irin naka, har ya riga ya sayi kujera mai tayoyi biyar da maɓallai ta ko'ina, ciwo bai bar shi ba. Da ya miƙo mini wayarsa na ga hoton, na gane matsalar tun ban taɓa bayansa ba. Mutum ne gajere, tebur kuwa dogo. Ya ɗaga kujera don hannunsa ya kai, sai ƙafafunsa suka bar ƙasa. Don haka ya matso bakin kujera, ya saƙale yatsun ƙafarsa a ƙarfen tayoyin, tsakanin bayansa da majinginar nan mai tsada akwai tazarar taƙi guda. Ga walat mai kauri a aljihun baya ta karkatar da shi gefe ɗaya. Abin da muka yi bai taka kara ya karya ba: rim biyu na takarda a ƙarƙashin ƙafafunsa, walat ta koma aljihun gaba, kwamfuta ta matso kusa. Da ya dawo bayan mako uku ya ce mini yanzu yakan tashi ya kai bakin ƙofa kafin ya tuna bai dafa tebur ba.

To, ga yadda za ka gyara zamanka, kuma ka bi shi a jere. Fara da gwiwar hannu: ka saki kafaɗunka, ka ɗaga ko ka sauke kujera har gwiwar hannunka ta zo daidai da saman tebur. Sannan ka dubi ƙafa. In tafin ƙafarka bai zauna daram a ƙasa ba, sa masa matashi mai tauri. Sai ka tura mazaunanka can ƙarshen kujera, ka tabbatar yatsu biyu ko uku za su shiga tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka. In majingina ba ta cika ramin ƙugunka ba, naɗe ƙaramin tawul ka sa a saitin bel. Ka ɗan kishingiɗa baya kaɗan, ba sai ka sandare kamar soja a fareti ba, wannan ma gajiya yake kawowa. Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi duk sauran: kada rabin awa ta wuce ba ka tashi ba, ko da na minti ɗaya ne. Ajiye firinta da kwandon shara nesa da kai, ka tilasta wa kanka tashi. Ka yi wannan wata guda. In har lokacin kujerar ba ta hawa ba ta sauka, ko mazauninta ya lotsa, sai ka sayi wata, ka kuma zauna a kanta ka gwada kafin ka biya.

TAMBAYA: Ranki ya daɗe Likita. Ni sakatariya ce, da laftof nake buga duk takardun ofis. Wuyana da kafaɗata ta dama kullum a sage suke, da yamma ciwon kai ya taso mini daga ƙeya. Watanni biyu ke nan kuma hannuna na dama yana tashina cikin dare, yatsuna su mutu kamar ana tsira mini allura, sai na yarfa hannun kafin ya saki. Duk aikin ne ya jawo?

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da fama. Ciwonki ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'o'i a 1700, kuma a bugun 1713 ya ƙara babi a kan marubuta da magatakarda. Dalilai uku ya lissafa na ciwonsu: yawan zama, maimaita motsin hannu iri ɗaya ba hutu, da takura hankali don tsoron kuskure a littattafan ubangida. Shekara 300 da wani abu ke nan, alƙalami ya koma madannai, amma ukun nan suna nan.

Jiki bin ido yake yi. Duk inda ido ke son gani, wuya zai kai shi, ko da kuwa zai sha wahala. Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka. In yana zaune daidai a kan kafaɗa, ƙashi ke ɗauke da shi. In ya sunkuya, aikin ya koma kan tsokar ƙeya da ta kafaɗa. A 2014 wani likitan tiyatar ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafin cewa sunkuyar da kai digiri 15 na ɗora wa wuya kimanin kilo 12, digiri 30 kimanin kilo 18, digiri 60 kuwa kusan kilo 27. Ki gwada da kanki: riƙe littafi mai kauri a ƙirji, sannan ki miƙa hannu da shi gaba na minti biyu. Littafin bai ƙara nauyi ba, amma kafaɗa za ta faɗa miki.

Aibin laftof a ƙirarta yake, allo da madannai a haɗe suke. In kin sauke ta don hannu ya ji daɗi, wuya ya biya. In kin ɗaga ta don wuya, kafaɗa ta biya. Maganin a raba su. Ki ɗora laftof ɗin a kan littattafai ko rim ɗin takarda har saman allon ya zo saitin idonki ko ƙasa kaɗan, nesa da ke kamar tsawon hannu, wato santimita 50 zuwa sama. Sannan ki nemi madannai da maus na daban ki jona. Takardar da kike kwafa kada ki shimfiɗa ta a gefe kina juya wuya sau ɗari a awa, ki jingina ta a tsaye kusa da allon. Sai wata ɗabi'a da nake gani wurin kusan duk sakatarorin da na duba: maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ana rubutu. In kina yi, ki daina yau. Sa abin ji a kunne, ko ki ajiye biro ki riƙe wayar da hannu. Maus kuma ya zauna dab da madannai. In yana can nesa, kafaɗar dama ce ke riƙe da hannun a miƙe wuni guda, kuma ina kyautata zaton daga nan sagewarki take.

Maganar yatsu ita ta fi damuna. A wuyan hannu akwai wani ƙuntataccen rami, jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu ke bi ta cikinsa tare da jijiyar ji guda ɗaya. Wannan jijiyar ita ke kai ji ga babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin yatsan zobe. In ramin ya matse, waɗannan ne ke mutuwa, kuma ya fi tsananta da dare saboda mutane da yawa na barci da hannu a lanƙwashe. In ya sake tashinki, ki lura da ƙaramin yatsa. In shi lafiyarsa ƙalau, alamar ta fi karkata ga wuyan hannu. In har da shi, sai a duba gwiwar hannu da wuya. Kada kuma ki ɗora wa aiki laifin duka. Juna biyu, ciwon sukari, ƙiba da raunin glandar tayiroid da ke gaban wuya duk suna kawo wannan, don haka ki je a duba ki, a auna sukari. Kafin nan, ki kwantar da 'yan ƙafafun nan na bayan madannai, ki riƙa bugu hannu a miƙe ba a karye sama ba, kada ki danna wuyan hannu a kan kaifin tebur. Abin ɗaure wuyan hannu da ake sawa lokacin barci yana taimaka wa mutane da yawa. In kika ga kaya na suɓuce miki, ko tudun naman gindin babban yatsa ya fara lotsawa, kada ki ƙara jinkiri ko na mako guda.

TAMBAYA: Likita, shekaruna 54, ina sa tabarau mai gida biyu, na nesa a sama na karatu a ƙasa. Tun da aka mayar da aikinmu kan kwamfuta idona ke yaji yana ruwa, ƙeyata na ciwo. Hasken kwamfutar ne ke lalata mini ido?

AMSA: Malam, kwantar da hankalinka, abin da kake ji gajiya ce da bushewa. Mutum kan ƙifta ido kamar sau 15 a minti, amma in ya zuba wa allo ido sai ya koma sau 5 zuwa 7. Ƙiftawa ce ke shafa wa ido hawaye. In ta ragu ido ya bushe ya yi yaji, sai ya mayar da martani da zubar ruwa. In fanka ko na'urar sanyaya ɗaki na hura maka fuska, abin ya ƙaru. Likitocin ido suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk minti 20, ka dubi abu mai nisan ƙafa 20, wato kamar mita 6, na daƙiƙa 20. Taga kuma ta kasance a gefenka. In tana gabanka ta kashe maka ido, in tana bayanka ta haska allon. Ka ƙara girman rubutu, ka daidaita hasken allo da na ɗakin.

Ciwon ƙeyar daga tabarau yake. Gidan karatun a ƙasa yake, don haka kana ɗaga haɓa ka leƙa allon ta ƙasan gilashi, wuni guda ƙeya a matse. Shawarar da na ba sakatariyar can ta ɗaga allo zuwa saitin ido, kai ba taka ba ce. Kai sauke shi za ka yi, ka ɗan kwantar da shi baya. In da hali, ka auna tazarar idonka da allon, ka kai wa likitan ido ya yi maka tabarau na wannan tazarar.

TAMBAYA: Salam Likita. Ina shugabantar sashe mai ma'aikata 14 masu shigar da bayanai a kwamfuta. Suna ta ƙorafin kujeru, suna kuma neman a ba su damar tashi duk awa. Ni kuwa akwai adadin aikin da ake jira daga gare ni kowace rana. Gaskiya ina ganin wannan hanyar zille wa aiki ce. Ko akwai hujjar cewa abin na ƙara aiki?

AMSA: Yallaɓai, na gode da ka faɗi abin da ke ranka, domin shugabanni da yawa haka suke gani sai dai ba sa furtawa. Akwai hujja, kuma a kan irin ma'aikatanka aka samo ta. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta gwamnatin Amurka, NIOSH, ta buga wani bincike a 2000 kan masu shigar da bayanai 42. An ƙara musu hutun minti 5 a kowace awar da ba ta da hutu, jimilla minti 20 a rana. Ciwon jiki da gajiyar ido suka ragu, yawan aikin kuma bai ragu ba. Da suka maimaita binciken aka buga a 2007, sai suka ga dalili: hannun ma'aikatan ya ƙara sauri har ya cike gurbin mintunan da aka cire. A Ingila kuma, mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani gwaji a 2018 kan ma'aikatan ofis 146 na asibitocin gwamnati a birnin Lesta. Waɗanda aka ba tebur mai hawa da sauka tare da horo sun rage zama da kusan minti 83 a ranar aiki bayan shekara guda, kuma da bakinsu suka ce ƙwazonsu ya ƙaru gajiya ta ragu.

Asarar da ake iya ƙirgawa ma ba ƙarama ba ce. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 zuwa 2023 ma'aikata 473,000 ne suka yi fama da ciwon tsoka da gaɓoɓi mai nasaba da aiki, aka rasa ranakun aiki miliyan 6.6. Amma asarar da ta fi cin sashe irin naka ba ta shiga rajistar zuwa aiki. Mutum ya zo, ya sa hannu, ya zauna, rabin hankalinsa na kan kafaɗarsa. Ya buga 6 a wurin 9, gobe a ɓata awa guda ana neman inda lissafi ya karkace. Shi ya sa ƙasashen Tarayyar Turai suka yi doka tun 1990 kan masu aiki da allon kwamfuta, Birtaniya ta yi tata a 1992: dole mai ɗaukar aiki ya duba wurin zaman ma'aikaci, ya tsara masa hutu ko sauyin aiki, ya biya masa gwajin ido. A Yunin 2022 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa wurin aiki mai aminci da lafiya cikin haƙƙoƙin ma'aikata na asali.

Ban ce ka yarda da ni ido rufe ba. Gobe wajen ƙarfe 3 ka zaga sashenka a hankali, ka ƙirga. Mutum nawa ne suka zo da matashi daga gida? Nawa ne suka tokare allo da kwali? Nawa ne ke murza ƙeya da hannu ɗaya suna bugu da ɗaya? Waɗannan mutane sun riga sun faɗa maka inda matsalar take, da kuɗinsu da dabararsu. Mai zille wa aiki ba ya ɗauko matashi daga gida. Sannan ka rubuta yawan aiki da yawan kuskure na wata guda, ka ba da hutun minti 5 duk awa, ka sake rubutawa wata guda, ka kwatanta. In za a sayi kujeru, a tambayi masu zama a kansu tukuna, a kuma sayi masu hawa da sauka, domin a cikin mutum 14 ba za a rasa dogo da gajere ba. Kada ka manta da dalili na uku da likitan Italiyan nan ya ambata. Ma'aikacin da ke aiki cikin tsoron tsawa kafaɗunsa a ɗage suke wuni, kuma wannan a hannunka gyaransa yake, ba ya buƙatar ko sisi.

TAMBAYA: Anti Likita, ni mai rubuta manhaja ne, shekaruna 26. Na karanta cewa zama na kashe mutum, sai na koma aiki a tsaye gaba ɗaya. Yanzu dugadugaina da ƙuguna ke ciwo. Ina kuma zuwa motsa jiki sau uku a mako. Ina na yi kuskure?

AMSA: Ƙanena, an gudu ba a tsira ba. Tsayuwa wuri ɗaya ma sandarewa ce. Jini na taruwa a ƙafa, domin tsokar sha-raɓa ce ke tura shi sama kuma sai ana takawa take aiki. Masu sana'ar tsayuwa sun san kumburin ƙafa da jijiyoyin da ke fitowa ruɗu-ruɗu.

Abin da ka karanta yana da tushe. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin motocin safa masu bene da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma kwandastocin da ke hawa da sauka a matakala wuni guda sun fi direbobin da ke zaune tsira daga ciwon zuciya. Ka lura, tafiya suke yi, ba tsayuwa ba. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta buga nazarin bayanan mutum fiye da miliyan ɗaya, aka ga motsa jiki matsakaici na minti 60 zuwa 75 a rana yana goge ƙarin haɗarin mutuwa da zaman awa takwas ke kawowa. Motsa jikinka na da kyau, ka ci gaba, sai dai ka ƙara da tafiya a sauran ranakun. A wurin aiki kuma ka gwada tsarin da Farfesa Alan Hedge na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya ba da shawara: cikin kowace rabin awa, minti 20 a zaune, 8 a tsaye, 2 ana motsi. In kana tsaye, tebur ya zo saitin gwiwar hannu, ka sa takalmi mai laushi, ka riƙa ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗan akwati kana sauyawa.

TAMBAYA: Likita, don Allah ki taimake ni. Ni ma'aikaciyar banki ce. Wata huɗu ke nan kullum sai na sha maganin kashe zafi kafin in iya zama, ina kuma ɗaure ƙuguna da bel ɗin baya. Kwana uku ke nan ciwon ya sauka ƙafafuna duka biyu, ƙafar hagu na ja, in na zauna ba na jin mazaunaina sosai, fitsari ma sai na yi da ƙyar. Wace kujera ce za ta dace da ni?

AMSA: Wannan 'yar'uwar na ba ta amsa ranar da saƙonta ya iso, ban jira fitowar mujalla ba. Ina buga shi ne saboda duk mai irin alamunta.

'Yar'uwa, ajiye maganar kujera. Ki tafi sashen gaggawa na asibiti yau ɗin nan. A ƙasan gadon baya akwai tarin jijiyoyi da ke kula da ƙafafu, mafitsara da bayan gida. Ciwon da ya sauka ƙafa biyu, ga raunin ƙafa, ga mutuwar wurin zama da tsakanin cinyoyi, ga fitsari ya canja, alama ce ta cewa wani abu na danne su. In aka makara, ana iya rasa riƙon fitsari da bayan gida ko ƙarfin ƙafa har abada, kuma da awoyi ake lissafin wannan lokacin. Haka nan duk mai ciwon baya tare da zazzaɓi, ko ramewa ba dalili, ko ciwon da kwanciya ba ta sassauta shi, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa, ko mai tarihin ciwon daji, likita zai gani kafin ya taɓa tebur ko kujera.

Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac, shan su kullum na tsawon watanni na iya jawo gyambon ciki da taɓa ƙoda, kuma suna rufe bakin ciwon da ke ƙoƙarin yi miki magana. Bel ɗin ma ba ya gyara abin da ke ciki. Ki tattara duk kwalayen magungunan da kika sha ki tafi da su, wani ya raka ki, kada ki tuƙa mota da wannan ƙafar. Da kin isa, kada kunya ta hana ki: abu na farko da za ki faɗa wa ma'aikacin da ya tarbe ki shi ne maganar fitsarin da mutuwar mazaunan, da ranar da suka fara.